Baƙo Ya Nemi Sunan Gidan Abinci a Gumel, Ni Kuma Ranar Alhamis Gare Ni

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da kuma waɗanda dama sun fi son karatu. Na ɗan gyara wasu wurare, amma yawanci yadda na faɗa haka na rubuta, don haka a yi haƙuri da surutu.

Yau maganar abinci za mu yi. Da abin kunyar da na yi zan fara.

Bara da kaka, wani abokina da muka yi bautar ƙasa tare, Bayarabe ne ɗan Ibadan, ya kira ni ya ce aiki ya kawo shi Kano, yana so ya ƙaraso Gumel ya ga garin nan da na ishe su da labarinsa. Kafin ya taso sai ya turo min saƙo ta WhatsApp, wai in rubuto masa sunayen gidajen abinci uku da suka fi kowanne a garinmu. Wallahi na fi minti goma riƙe da waya ban rubuta komai ba. Da Kano ya tambaya, ai ko ni da ba ɗan gari ba zan ce masa ya nemi gurasar Jakara, ya sayi kilishi a Agadasawa. Amma Gumel? Garin da aka haife ni, na girma, na san kowane lungu? Na rasa suna uku.

Da ya iso, sai na yi abin da yawancinmu muke yi. Na kai shi wani wuri mai esi da talabijin ana nuna ƙwallo, aka kawo mana soyayyar shinkafa da cinyar kaza da lemon kwalba. Ya ci, ya yi godiya, mutum ne mai ladabi. Sai da muka fito ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan'uwa, wannan ai a ƙofar gidanmu ana sayar da shi."

Ban gama jin wannan ba muka je gaida kakata. Mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Sule Tankarkar, tsufa ya sa aka dawo da ita cikin gari. Ta tambayi me baƙo ya ci, na faɗa mata ina ɗan alfahari. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Kai mai gidan, baƙo ya taso tun daga Kurmi ka kai shi ya ci abincin kuɗi? Mu mutuwa muka yi?" A daren ta sa aka tuƙa tuwon gero, miyar kuka da daddawa, aka kwarara man shanu. Da safe ɗumame da kunun kanwa. Abokina ya kurɓi kunun, ya tsaya, ya ce mene ne a ciki? Na nuno masa ɗan dunƙulen kanwa. Sai ya yi dariya ya ce ai wannan ita ce "kaun", mahaifiyarsa ba ta yin miyar ewedu sai da ita.

To wannan ɗan dunƙulen shi ya sa na koma karatu. Yaya aka yi abin da ke cikin kunun kakata yake cikin tukunyar wata mata a Ibadan, har sunan ma kusan ɗaya? Inyamurai ma "akanwu" suke ce mata. Amsar ta biyo ta ƙofar gidanmu.

Masarautar Gumel, wadda muke wa kirari da Lautai, ta kafu ne wajajen 1750, Ɗan Juma da Mangawansa. Yau ƙananan hukumomi huɗu ne a ƙarƙashinta: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Abin da yara da yawa ba su sani ba shi ne, lokacin da jihadin Shehu Usmanu ya haɗe Kano da Katsina da Haɗeja da Kazaure ƙarƙashin tutar Sakkwato, Gumel ba ta shiga ba. Da Barno take, can take kai gaisuwa. Hedikwatar ma da farko tana Tumbi ne, wadda yanzu take cikin Nijar, kafin a dawo da ita inda take a yau tun kafin 1850. Wato mu mutanen bakin iyaka ne tun kafin Bature ya ja layinsa. A gabas Barno, a kudu da yamma ƙasar Sakkwato, a arewa Damagaram. Garin da ke tsakanin manya uku, yaƙi ba ya ƙare masa, amma kasuwa ma ba ta ƙare masa.

A watan Maris na 1851 wani baƙo ya sauka a Gumel. Bajamushe ne, Heinrich Barth, wanda yake yawo da sunan Abdulkarim, yana kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Lokacin Sarki Ɗan Tanoma ya tsufa. Abin da ya fi ɗaukar hankalin Barth a garin shi ne kanwa. Ya rubuta cewa Gumel ce babbar kasuwar kanwar da ake ɗaukowa daga wajen Kukawa da ƙasar Muniyo ana kai ta har Nupe, kuma mutanen Barno ba kasafai suke wuce Gumel da ita ba. A nan suke saukewa, wasu fatake su ɗauka su yi kudu. Kun ga hanyar da kanwa ta bi ta isa ƙasar Yarabawa ke nan. Takarkarai da jakuna da raƙuma, mangala bayan mangala.

Kuma kanwa ba ƙaramin abu ba ce a wancan zamani, har yanzu ma. Ku tuna abin da ba ya yiwuwa sai da ita. Ɗanwake, in babu kanwa da kuka, sai ya watse a tukunya. Wake ba ya saurin nuna. Miyar kuɓewa da karkashi ba sa yauƙi yadda ake so. Mai jego kunun kanwa ake dama mata. Makiyayi kuwa yana sayenta da yawa saboda shanunsa. Abin da muke ba yaro naira ɗari ya sayo a ƙulle a leda, shi ne ya taɓa riƙe tattalin arzikin garin nan.

Barth ya sake biyowa ta Gumel a ƙarshen 1854, yana dawowa daga Timbuktu. Ya tarar da garin ya lalace, saboda rikicin sarauta da ya biyo bayan rasuwar Ɗan Tanoma. Shekara uku da 'yan watanni kacal tsakani. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu ga tambayar da ta dame ni. Duk waɗannan fatake, Barebari da Nufawa da Kanawa da Buzaye, a ina suke cin abinci? Ba wanda ya kafa musu allo ya rubuta suna. Tsarin da ake da shi shi ne na fatoma, wato mai masauki. Falke in ya shigo gari, akwai gidan da yake sauka, sau da yawa gidan da ubansa ma ya sauka. Fatoma zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ci bashi. Daga cikin gida kuma akushi zai fito safe da dare. Ba a ce masa ga kuɗin tuwo. Fatoma yana samun nasa ne a la'adar ciniki. Matan gidan da suke daka da tuƙi, su ne ainihin masu gidan abincin, sai dai ba wanda ya rubuta sunansu a ko'ina, har Barth ɗin.

Da na ba abokina wannan labari sai ya ce ai ya san Sabo. Unguwar Hausawa ce a Ibadan, tun 1916 take. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a cikinta a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969, kuma abin da ya tarar ke nan: masu gida suna saukar da dillalan shanun da suka taso daga Arewa, su ciyar da su, su tsaya tsakaninsu da mahautan Yarabawa. Tsarin ya bi shanu da goro har bakin teku.

Shi ya sa kakata ta ji haushi. A duniyar da ta taso, baƙon da aka gani yana sayen tuwo a kasuwa, mai masaukinsa aka zaga. Baƙonka annabinka, in ji Hausawa. Gidan abinci bai yi ƙarfi a garuruwanmu ba saboda kowane zaure gidan abinci ne. Ni kuma na je jami'a na dawo ina ganin rashin allo da esi a matsayin ci baya.

Turawa sun zo a 1903, zamanin Sarki Ahmadu. Tsakanin 1906 da 1908 Ingila da Faransa suka kafa alamun iyaka, Tumbi ta faɗa can, mu muka faɗo nan. Daga nan hanya ta fara juyawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, a 1930 kuma layin dogo ya kai Nguru, ya ratsa ta Gagarawa. Har gobe akwai Gagarawa Gari da Gagarawa Tasha, sunan kaɗai ya ishe ka tarihi. Ayarin jakuna ya ja baya, buhun gyaɗa ya hau tarago.

Gyaɗar nan ta shiga tukunya sosai. Mata suna soya ta, su niƙa, su matse mai, abin da ya rage su yi ƙuli-ƙuli. Ƙuli-ƙulin nan shi ake dakawa a yi yajin tsire. Tunkuza kuma da ita ake haɗa labun da ake tsoma kilishi. Wato duk tsinken tsiren da ka ci, rabinsa aikin mahauci ne, rabinsa aikin wata mata ce a cikin gida da ba ka taɓa gani ba. Bayan farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975, noman ya karye, dalar gyaɗa ta Kano ta zama hoto a littafin firamare. Manoman yankinmu suka ƙara karkata ga riɗi da zoɓo, ga gero da wake da dama su ne na ci. A Gagarawa ɗin nan an sha rigima a 'yan shekarun baya kan gonakin da aka ware don noman rake. Wannan shiri ne na kansa, za mu yi shi, don maganar inda za a shuka geron tuwo ce.

To ina kasuwar kanwa ta Barth ta koma? In kun tambaye ni, Maigatari ta koma, ta sauya kaya. Daga Gumel ba ta kai tafiyar awa ɗaya ba, tana bakin iyaka da jihar Damagaram, kuma kasuwarta ranar Alhamis take ci. Tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Shanu, raƙuma, tumaki, awaki, dawaki, daga Nijar da ma gaba da ita, tireloli suna lodi zuwa Legas da Fatakwal. Dillali yana nan, la'ada tana nan, mai masauki yana nan. Mai canjin sefa ne kawai da mai POS suka ƙaru.

Sai na ce wa abokina ya ƙara kwana biyu, Alhamis ta zo. Abin da muka yi ran nan shi nake ba duk wanda ya tambaye ni yanzu, don haka ku rubuta.

Baƙo ya kwana a Gumel ran Laraba. Da safe kada a cika masa ciki, koko da ƙosai ko waina biyu-uku sun isa. Ku isa Maigatari da hantsi, ku fara shiga kara, ya ga raƙuma, ya sha ƙura, ya ji yadda ake ciniki da Hausa da Fulatanci da Barbarci da ɗan Faransanci a jumla guda. Sai yunwa ta kama shi sosai sannan ku nufi 'yan tukuba. Kada ku tambayi wane ne ya fi iya gashi, kowa ɗan'uwansa zai nuna muku. Ku duba inda direbobin tirela da dillalai suka yi cincirindo. Mutumin da yake zuwa kasuwa ɗaya duk mako shekara da shekaru ba ya zama gaban mai naman jiya. Ku sa a yanka muku balangu da zafinsa, a haɗa da kayan ciki, albasa da yaji a gefe. In an dace akwai naman raƙumi, a sa masa ɗan tozo ya ɗanɗana. Abokina ya ɗauki yanka ɗaya yana ɗar-ɗar, ƙarshe sai da na ƙara saye.

Bayan azahar, lokacin da rana ta buɗe, sai fura. Ku nemi Fulanin da suka jera ƙore a inuwa. A nan akwai ɗan ilmi: ka tambaya kindirmo ne ko tsala, ka sa a dama a gabanka, ka ce a rage sukari don baƙo ya ji ɗanɗanon gero da citta da kanumfari. Kuma ku riƙe ruwanku na leda a dama da shi. Wannan ba raini ba ne. Cikin baƙo ba irin namu ba ne, kuma maganar gaskiya tsaftar ruwa a kasuwanninmu abu ne da ya kamata ƙananan hukumomi su ji kunyarsa, ga harajin da ake karɓa duk mako. In da sauran wuri a cikinsa, ku zauna wajen Buzaye a sha shayi. Ka gaya masa kofi uku ne, kada ya miƙe a na farko.

Tsaraba kuwa: cukwi na Nijar, dabino, kantun riɗi, kilishi, da busasshen zoɓo. Zoɓon nan ku dube shi da kyau. Ana tara shi a Maigatari buhu-buhu, a kai tashar jirgin ruwa, kuma babbar mai sayensa ita ce Meziko, inda suke jiƙa shi su yi abin shan da suke kira "agua de jamaica". Riɗinmu yana zuwa Japan da Turkiyya da Sin. Wani yana can ƙetaren teku yana biyan dala ya sha abin da aka noma a bayan gidanmu, ni kuma na sa wa baƙona lemon kwalba a gaba. Kai, abin da ciwo.

Akwai wani abu da ba zan ɓoye ba, don kada a ce na zo ina wa tsohon tsari kirari kawai. Abinci mafi daɗi a garuruwan nan har yanzu daga cikin gida yake fitowa: ɗanwake, dambu, burabusko wanda muka yi tarayya da Barebari a kansa, alala, dafaffen zogale da ƙuli. To wa yake fito da shi? Yarinya 'yar shekara tara ko goma, da tire a ka, a lokacin da ya kamata tana aji. Uwar ba muguwa ba ce, da ribar take sayen sabulu da magani, take tara kayan ɗaki. Amma duk sanda na yaba ɗanwaken talla, sai na tuna wanda ya biya kuɗin daɗinsa. In muna son baƙi su ci girkin iyayenmu mata, to mu samari masu waya da babur mu ya kamata mu zama ƙafarsu. Ka karɓi oda, ka kai, a ba ka ladanka, yarinya ta tafi makaranta. Na fara da matan gidanmu, ba wani abin a zo a gani ba ne, amma ƙanwata ta daina fita da tire.

Na ce ku riƙe maganar dawowar Barth. Garin da abincinsa yake bin hanya, ranar da hanya ta toshe, tukunya ce take fara sani. Mun gani da idonmu. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai ranar 16 ga Disamba 2020, kuma Maigatari tana cikin huɗun farko da aka buɗe, tare da Seme da Illela da Mfun. A farkon 2023 canjin kuɗi ya zo, takardar naira ta ɓace, mai fura ba ta da asusun banki balle a tura mata. Ba a gama farfaɗowa ba sojoji suka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake rufewa har zuwa Maris 2024. A labarai za ka ji ana lissafin tireloli da kuɗin kwastan. Ba za ka ji an ambaci mai tuwon da take dafa tiya biyar ran Alhamis ta koma tiya ɗaya ba, ko mai tukubar da ya kashe wutarsa ya tafi ci-rani Legas, ko yaron da yake wanke kwanuka a ba shi na makaranta. Waɗanda suka yanke hukuncin a Abuja da Yamai, ba na jin akwai wanda ya taɓa zama a benci a kasuwar nan ya ci balangu a takarda.

Shi ya sa yanzu in baƙo ya zo, ɗan bautar ƙasa ne, ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel ne, ma'aikacin wata ƙungiya ne daga Dutse ko Abuja, nake roƙonku ku daina kai shi inda za a ba shi Indomie da ƙwai. Kuɗin da zai kashe ya faɗa hannun mai fura da mai waina da mahauci. Dare ɗaya kuma ku kai shi gida, a shimfiɗa tabarma a zaure. In mace ce ma ta fi mu sa'a, ita har madafa za ta shiga ta ga yadda ake yi. Kada ku ba da haƙuri kan tuwon, kada ku ce "sai dai a yi maneji." Ku ajiye masa ruwan wanke hannu ku koma gefe.

Abokina ya tafi ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci. A jakarsa akwai zoɓo tiya biyu, da kilishi, da garin kuka, da wani ƙaton dunƙulen jar kanwa da kakata ta naɗe a tsumma ta ce a kai wa uwarsa. Bayan kwana uku sai ga kira, wai mahaifiyar tasa tana son yin godiya. Na miƙa wa tsohuwa waya. Ita ba ta jin Yarbanci, waccan ba ta jin Hausa, amma sun fi minti biyar a kan layi, kalma ɗaya kawai nake ji tana dawowa daga ɓangarorin biyu, kowa da irin lafazinta. Da ta miƙo min wayar sai ta ce, "Ka ce mata kada ta zuba da yawa, tamu ta fi tasu ƙarfi."

A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu je Gagarawa kan maganar gonakin nan. Na riga na yi hira da manoma uku. Sai mun haɗu, a gaida mutanen gida.